Hular Auta mai tattara a baki, yadda aikin ke tafiya

Lahadi, 23 Fabrairu 2025

Bana dai hular sallar Auta ni zan saƙa mata da kwarashi in sha Allah, irin mai zurfin nan da baki zagaye da ake sa wa yara yanzu, amma tawa so nake bakin ya yi tattara sosai yana lanƙwasa. Zan riƙa rubuta inda na kai da lissafin ido, wato yawan sukan kwarashin kowane zagaye, saboda in an kwana biyu wata ta ce a yi mata irinta kar in tsaya ina tunanin nawa na sa a zagaye na kaza.

Baban su ya je Gujungu yau tunda ranar kasuwa ce, nace ya duba min zare, ya dawo da zaren ulu irin wanda muke hular jarirai da safa da shi. Ba laifi zaren, amma roba ne, na sanyi ne. Sallah kuma ƙarshen Maris za ta faɗo, lokacin da rana ke dukan mutum tun hantsi, in ka sa wa yarinya wannan a ka kafin a je gida uku ta cire ta jefar. Na ajiye shi sai hunturu. Na auduga nake so, na yi wa ƙanwata da ke aure a Kano waya ta nemo min mai ɗan kauri ruwan ɗorawa, don ya shiga da atamfar da aka yanka musu.

Laraba, 26 Fabrairu

Zare ya iso a motar garinmu, dunƙule biyu kowanne giram 50. Kafin komai na tsinki guntu na kai bakin murhu, don abin da aka rubuta a takarda daban abin da ke ciki wani lokaci daban. Auduga in ta kama wuta ci take yi da warin takarda ta bar toka mai laushi da za ka murje da yatsa, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi baƙin ƙulli mai tauri. Wannan toka ya bari, Alhamdulillah.

Na auna kan Auta da tef ɗin ɗinki, ta goshi a zagayo saman kunne zuwa ƙeya, inci 20 cif. Awon yaro ɗan shekara huɗu aiki ne, sai da yayarta ta riƙe mata fuska. To lissafin saman hula ba wuya, zagayen kai ake rabawa gida uku da ɗan ɗoriya, wato 3.14, sai ya ba ka faɗin da'irar. Inci 20 zai ba da shida da kusan rabi. Ni a shida zan tsaya tunda saƙa tana buɗewa in an sa, gara ta kama kan da ta riƙa zamowa ido. Kwarashi mai lamba 4 zan ɗauka, mai 5 ɗin yana sa saƙar ta yi sako-sako, hula irin wannan kuma tana son jiki.

Asabar, 1 Maris, ɗaya ga azumi

Allah ya sa mun shiga a sa'a. Bayan sahur da asuba ban koma ba, na zauna a ƙofar ɗaki gari na wayewa na fara. Sarƙa huɗu na rufe ta zama zobe, na zuba dabul 12 a ciki. Dabul dai ita ce wadda ake naɗa zare sau ɗaya a kwarashi kafin a soka, a jawo, sannan a zare biyu-biyu. Zagaye na biyu kowane ido ya ɗauki biyu, 24. Na uku ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, 36. A nan na tsaya don aikin gida ya taso.

Talata, 4 Maris

Sama ya kammala. 12, 24, 36, 48, 60, 72, kowane zagaye ƙarin 12 ne ba ragi ba daɗi, na ɗora tef ya ba ni inci shida saura ƙiris. Ya kwanta lif a kan tabarma.

Wannan ƙarin 12 ɗin shi ne gishirin aikin gaba ɗaya, duk wadda ta gane shi ta gama gane hular. Kamar ɗinkin faifai ne, in kina faɗaɗawa daidai zai kwanta, in kin takura gefen ya ɗago ya koma kwando. A dabul 12 ne daidai ɗin, in kika gaza haka gefe ya miƙe sama, in kika zarce kuma gefen ya yi yawa ya rasa wurin kwanciya sai ya fara lanƙwashewa. To jikin hula daina ƙari ne, tattarar baki kuma zarce ƙari ne da gangan, shi ke nan fa, ba wata sabuwar saƙa a ciki.

Abu ɗaya da nake yi, ba na jera wurin ƙarin a kan na zagayen baya, ina ɗan gusar da shi, in ba haka ba da'irar sai ta fito da kusurwa-kusurwa. Kuma farkon kowane zagaye ina rataya guntun zare ja, don da azumi a baki ga yara na kira, lissafi ba ya zama a kai.

Litinin, 10 Maris

Kwanakin nan a hankali nake tafiya. Da rana hannu gumi yake, zaren auduga kuma ba ya sulɓi kamar na roba, in ya jiƙe sai ya riƙa cijewa a kwarashi yana ƙara. Da la'asar ga surfe ga kunun tsamiya ga ƙosai, sai dai bayan asham in kunna fitilar sola in yi zagaye ɗaya ko rabi kafin barci ya kwashe ni.

Zagayen juyawa na yi shi a bayan ido kawai. Kowane ido in kika duba samansa zare biyu ne, na gaba da na baya, to na bayan kaɗai na riƙa soka ba ƙari, 72 ɗin nan dai. Wannan ne ke sa saƙar ta karye ta gangaro ƙasa, ya bar wani siririn layi a gefen sama da ke fito da siffar hular, in babu shi sai ta tashi mulmul irin ta sanyi. Na sake wani zagayen 72, a na uku na ƙara shida, wato kowane ido na 12 ya ɗauki biyu, ya zama 78, don jikin ya ɗan buɗe ta ƙasa.

Inna ta shigo ɗazu ta tarar ina gwada wa Auta, ta tsaya ta riƙe haɓa tace "ke 'yar nan, wannan kuma tagiyar wa ce, mace da hula sai ka ce mai zuwa gona?" Nace Inna ai ta rana ce, kuma baki za a yi mata mai ado. Tace to ɗankwalin fa, nace da safe za ta sa hijabinta a je idi, wannan ta yawon yamma ce. Ta ɗauka ta juya ta ta ja da hannu biyu ta ga ba ta saki ba, tace saƙar dai ta yi ƙarfi, Allah ya sa albarka. A wajen Inna wannan babban yabo ne.

Alhamis, 13 Maris

Jiki ya ƙare, zagaye shida, tsawo inci uku, ya tsaya daidai saman kunnenta. Dunƙule na farko ya ƙare na ɗaura na biyu. Wuyan hannuna na dama yana min tsami, gobe hutu.

Lahadi, 16 Maris

Yau ban taɓa hular ba, gwajin baki na yi a gefe, don a nan ne hula ke kyau ko ta lalace. Na yi 'yan guntaye a kan sarƙa 20. Wanda na zuba uku-uku a kowane ido tun layin farko ya yi tattara ba magana, cunkus, amma nauyi ne da shi kuma ba abin da ke riƙe shi, in aka yi haka a hula zubowa zai yi ya rufe wa yarinya ido ta riƙa ɗaga kai tana leƙe. Na sha ganin irinsu a hoton waya, a kan tebur gwanin sha'awa, a kan yaro kuma fuskar ma ba a gani. Wanda na yi biyu-biyu layi ɗaya kawai kuma bai yi tattarar kirki ba, kamar kuskure aka yi.

Abin da ya kwanta min shi ne a fara yi wa bakin gindi mai tauri tukuna. Zagaye biyu na singil, wato gajeriyar saƙar da ake sokawa ba a naɗa zare ba, matsattsu, da ƙari kaɗan, su ne za su tura bakin waje ya rabu da fuska, sannan a ɗora tattarar a kansu a hawa biyu, kar a zuba ta lokaci ɗaya. Lissafin da na tsayar: daga 78, a gaban ido wannan karon don bakin ya karyo waje, kowane ido na shida ya ɗauki biyu, 91. Na gaba kowane na bakwai, 104. Sai dabul biyu a kowane ido, 208. Na ƙarshe ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, 312. Na warware guntayen na mayar da zaren, auduga in an warware tana ɗan yin kwarkwasa amma tana saƙuwa.

Laraba, 19 Maris

Na gama 91 da 104 shekaranjiya, yau na rufe 208. Kai jama'a, zagayen nan kamar ba zai ƙare ba, kina ta yi kina ta yi ki duba guntun jan zaren ki ga yana can nesa. Amma daɗin shi ne tun ina kashi ɗaya cikin huɗu bakin ya fara lanƙwasa da kansa ba wanda ya taɓa shi, nan ya hau nan ya sauka.

Ƙanin baban su da ke karatu a jami'ar tarayya ta Dutse ya zo gida, bayan an sha ruwa ya ɗauki hular yana ta juya bakin yace "Anti kin san lissafi kike yi kuwa?" Nace lissafin ne ma ya hana ni barci. Yace ba wannan ba, wai akwai wata malamar lissafi Daina Taimina, 'yar ƙasar Latbiya, a jami'ar Cornell ta Amurka, a 1997 da kwarashi ta saƙa irin wannan shimfiɗar da gefenta ke ta ƙaruwa fiye da yadda zai kwanta, don ɗalibai su riƙe a hannu su gani, tunda da takarda ake yi a da kuma ba ta ƙarko. Yace ganyen salak ma haka yake, gefensa ya fi tsakiyar saurin girma shi ya sa yake lanƙwashewa. Nace to a gaya mata a ƙauyen Ringim ma ana yi, kuma da azumi. Ya nemi in yi masa ƙarama ya tafi da ita makaranta, nace bayan sallah, kuma ya zo da zarensa.

Asabar, 22 Maris

Zare ya ƙare ina tsakiyar 312, na wuce rabi ban kai ƙarshe ba.

In aka zauna aka tara abin ba mamaki. Saman hular gaba ɗaya, zagaye shidan nan, dabul 252 ne. Jikin 456. Tattarar kuwa zagaye biyu kacal amma 520, zagayen ƙarshe shi kaɗai ya fi duk saman hular cin zare. Duk mai son yin irinta ta sani giram 100 na zare mai kaurin nan a bakin gaɓa yake ko a kan yaro, balle babba, ta sayi uku tun farko daga kwali ɗaya.

Na yi wa ƙanwata waya, ta turo ɗanta wajen mai zaren, aka ɗauko min hoto. Sunan kalar ɗaya, lambar kalar ɗaya, amma rinin daban, wannan ya fi duhu yana ɗaukar ido zuwa ruwan goro. Dama haka zare yake, kowane zubin rini da ɗan bambancinsa, shi ya sa ake buga wata lambar daban ta zubin a jikin takardar. A ɗaki ba za ka gane ba, amma a fito rana tsaf za a ga inda aka yi haɗi, kuma a gefen baki ne wurin da ido ke fara sauka. Nace ta bar shi ta sayo fari. Zan warware abin da na yi na zagayen ƙarshe in yi shi duka da fari, ya zama kamar dama haka aka tsara, atamfar ma akwai farin fure a jiki. Ragowar ruwan ɗorawan in yi igiyar haɓa da shi don iska.

Talata, 25 Maris

Farin ya zo jiya. Goman ƙarshe ce ga tahajjud ga ɗinkin mutane da ban gama ba, saƙar sai dai tsakanin azahar da la'asar in an samu inuwa a gindin darbejiya. Na rufe 312 ɗazu, kuma gaskiya farin ya fi abin da na yi niyya da farko kyau, don shi ya fito da lanƙwasar, da kala ɗaya ce sai an matso za a gane tattarar. Ban ƙara wani zagayen gyaran gefe ba, nauyi ya isa haka.

Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta gani, sai ga ta ta zagayo da mayafi a hannu. "Maman Auta dan Allah 'yan biyuna, kafin sallah." Nace Yaya ko da kuɗi kwana biyar ba zai yi biyu ba, hannu ɗaya gare ni. Tace to nawa ne in bayan sallah ne, da na faɗa mata kuɗin zaren kaɗai sai ta yi shiru, tace ai a gwanjo da rabin wannan za ta samu. Gaskiyarta ne za ta samu, amma ta yadi ce da aka ɗinka a keke. Saƙar kwarashi har yau ba injin da ke yin ta yadda hannu ke yi, kowane ido sai mutum ya soka ya jawo, hular nan kuwa in aka haɗa da singil ɗin ido dubu ɗaya da ɗari huɗu da 'yan kai ne. Matsalar mu a nan ke nan, mace ta kwana nawa tana ɗinkin hula ko saƙar tabarma a zo a taya kamar a hanya ta tsinta. Na gaya mata in tana son mai sauƙi zan yi mata mai baki miƙaƙƙe ba tattara, zare ya ragu aiki ya ragu. Tace a'a ai tattarar ce ta burge ta. To kin ji.

Juma'a, 28 Maris

Jiya na ɓoye bakin zaruruwa da allura mai babban ido, kowanne na bi da shi ta cikin saƙa gaba sannan na dawo baya kafin in yanke, auduga ba ta kama junanta, in aka yanke gajere wanki ɗaya zai zaro. Igiyar haɓa sarƙa ce kawai na bi ta da singil, na ɗaura ta ciki daidai kunne, kuma na yi ta yadda za a iya cirewa, ba na son igiya a wuyan yaro in yana wasa ba babba kusa.

Na wanke ta da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, na fara jiƙa wani guntun ruwan ɗorawan da farin tare a kofi na ga bai zuba ba tukuna. Ban murɗe ba, a tawul na naɗe na danne. Sai na dama sitaci tsararo, bakin kawai na tsoma, jikin ban sa masa ba don kar ya riƙa kartar mata goshi. Na kife wani kwanon silba da faɗinsa ya zo daidai a kan turmi na ɗora hular, yadda masu wankin hula ke ɗora tasu a katako, na bi tattarar da yatsa ina gyara ta ɗaya sama ɗaya ƙasa tun tana da danshi, a inuwa, don rana tana cin kalar auduga. Da iskar nan kafin magariba ta bushe ƙarau, bakin ya tsaya.

Saura ƙiris kitso ya ɓata mana lissafi. Da na kai su yau mai kitson har ta tsaga za ta yi wa Auta shuku, nace a'a Gwaggo, in aka tara gashin a tsakiyar kai hular ba za ta zauna ba, a sama za ta tsaya. A yi mata kwantacce ya koma baya, duwatsun a sa su a jelar ta ƙeya. Ta yi ta mita wai shuku ake yayi, amma ta yi. Da muka dawo na gwada, kitson ya ƙara kan kaɗan, hular ta shiga ta kama daidai ba ta matse ba.

Litinin, 31 Maris

Barkanmu da sallah, jiya Lahadi aka sauko idi bayan azumi 29. Auta ta sa hular tun la'asar har aka dawo daga gidan kakanninta ba ta cire ba, wanda a wajenta abin a rubuta ne. Bakin ya tsaya bai rufe ido ba, sai ta baya inda ta jingina a kan babur ya ɗan kwanta, na shafa ruwa na gyara da yatsa ya koma. Farin gefen kam ya sha hannun miya da alawa, yau sai wanki da sabon sitaci, kuma haka za a riƙa yi duk wanki don sitaci ba ya zama.

In zan sake, gindin bakin zagaye uku na singil zan yi maimakon biyu, 91, 104, 117, inuwar ta ɗan ƙara faɗi don hancinta a rana yake jiya, sannan tattarar ta tashi daga can, 234 sai 351. Zai ƙara cin zare amma dama uku zan saya.

Maƙwabciyata ta aiko da kuɗin zare ɗazu, ta 'yan biyu, ɗaya ruwan hoda ɗaya shuɗi mai haske, duka masu tattara. Kawunansu inci 19 ne, na duba zagaye biyar na sama zai yi kaɗan shida kuma zai ɗan yi yawa, sai dai in yi na shidan da singil, ko in sauko kwarashi mai lamba 3.5 in bar lissafin yadda yake. Zan gwada na biyun in zaren ya iso ranar Alhamis.